Yadda ake buɗe tsohuwar kwalbar giyar Porto ba tare da an yi asara ba

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi bayani a kan abin da ba kasafai ake rubuta shi da Hausa ba, wato yadda ake buɗe tsohuwar kwalbar giyar Porto, irin wadda ake rubuta wa Vintage a jiki, da yadda ake tsiyaye ta a gabatar wa masu ita. Hukuncin giya a Musulunci a fili yake, kuma wasiƙar nan ba ta kiran kowa ya sha. Sai dai akwai masu jin Hausa da ba Musulmi ba, akwai kuma masu aikin otal da gidajen abinci da manyan jiragen ruwa, waɗanda wata rana baƙo zai miƙo musu kwalbar da ta girme su ya ce a buɗe. Saboda su muka ɗauki alƙalami, da kuma mai son sani don sanin kawai.

Maganarmu guda ce. Yawancin kwalaben da ake asararsu, a hannun mai buɗewa suke lalacewa, cikin minti goman ƙarshe. A shekara talatin ana lallaɓa kwalba a kwance cikin duhu, ranar sha kuma a sunkuto ta da gudu, a jijjiga ta a hanya, a danna mata mabuɗi kamar lemon kwalba. Alhali aikin tun saura kwana biyu a zauna yake farawa.

Sai mutum ya san abin da ke cikin kwalbar kafin ya gane dalilin wannan lallami. Giyar Porto daga kwarin Kogin Duro take fitowa, a arewacin Fotugal, yankin da aka shata wa iyaka tun 1756 a zamanin Marquês de Pombal, babban ministan ƙasar na wancan lokaci. Sunan kuwa na birnin Porto ne da ke kusa da bakin teku, kuma manyan ɗakunan ajiyarta suna tsallaken kogin, a Vila Nova de Gaia. Ana yin ta da baƙin inabi iri-iri, kamar Touriga Nacional da Touriga Franca da Tinta Roriz da Tinta Barroca da Tinto Cão. A gargajiyance da ƙafa ake tattake inabin a cikin faffaɗan kwamin dutse da suke kira lagar, har yanzu ma wasu gidaje ba su daina ba. Idan ruwan ya yi kwana biyu zuwa uku yana tsimuwa, yis ya cinye kusan rabin sukarinsa, sai a zuba masa farar barasar inabi mai ƙarfin kashi 77 cikin ɗari, wajen lita 115 a kan kowace lita 435, su tashi ganga ɗaya mai lita 550. Barasar ta kashe yis, sauran sukarin ya tsaya yadda yake. Shi ya sa giyar take da zaƙi da ƙarfi a lokaci guda: barasa wajen kashi 20, sukari kuma kusan giram 100 a kowace lita.

Ita Vintage ta inabin shekara ɗaya ce tak, kuma ba kowace shekara ake yin ta ba. Sai kaka ta yi kyau ƙwarai sannan gida yake shelanta shekarar, bayan hukumar IVDP da ke kula da giyar Duro da Porto ta ɗanɗana ta amince. Galibi sau uku ake samun haka cikin shekara goma. Shekarun da suka yi suna sun haɗa da 1945, 1963, 1970, 1977, 1994, 2000, 2011, 2016 da 2017, daga gidaje irin su Taylor's, Graham's, Dow's, Warre's, Fonseca, Niepoort da Quinta do Noval. Shekara biyu ko ƙasa da uku kawai take yi a ganga, sai a ɗura ta a kwalba ba tare da an tace ba. Duk sauran girmanta a cikin kwalbar take yi. A tsawon waɗannan shekaru sinadaran da ke ba ta launi da waɗanda ke ba ta bauri suna haɗewa da juna, su yi nauyi, su faɗi. Wannan shi ne gwiɓar da ake gani manne a gefen kwalba, wani sashe kamar ɓawo, wani kamar garin shayi, wani kuma laushi gare shi kamar toka. Ba ta cutar da kowa, alama ce ma ta cewa giyar ta girma yadda ya kamata. Amma idan ta gauraye da ruwan sai ya yi duhu-duhu, ya yi ɗaci, ya riƙa yi wa mutum tsakuwa a haƙori, kuma ba a gyara shi a daren nan.

A duba takardar jikin kwalba tukuna, don ba kowace Porto ce ke bukatar wannan wahala ba. Wadda aka rubuta wa Tawny mai shekara 10, 20, 30 ko 40, da wadda aka rubuta wa Colheita, a ganga suka tsufa, a can suka bar gwiɓarsu, buɗewa kawai ake yi a zuba. Ruby ma haka. Ita kuwa LBV, wato Late Bottled Vintage, wadda ake ɗurawa a kwalba bayan shekara huɗu zuwa shida, iri biyu ce: akwai tatacciya, akwai wadda ba a tace ba, ita ce ke bukatar tsiyaya. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce toshiya. In ka ga gajeriyar toshiya mai hular roba ko katako wadda ake zarewa da hannu, giyar a shirye take. In doguwar toshiya ce da aka dasa gaba ɗaya cikin wuyan kwalba, to a ɗauka akwai gwiɓa.

Daga nan a ɗaga kwalbar a hankali a haska wuyanta a ga inda giyar ta tsaya. Idan tana cikin wuya ko daidai saman kafaɗa, lafiya lau ga kwalbar da ta shekara talatin ko arba'in. Idan ta sauka tsakiyar kafaɗa ko ƙasa, iska ta samu hanya, sai a rage buri. A shafa bakin kwalbar. Danƙo-danƙo mai launin ja ko baƙi yana nuna ta yi yoyo, yawanci saboda zafi ya kumbura ruwan ya turo shi ta gefen toshiya. Yoyo ba ya nufin giyar ta mutu, domin Porto tana da juriya fiye da sauran giyar inabi, amma dalili ne na a sha ta da wuri maimakon a mayar da ita ajiya. A tsofaffin kwalabe da yawa za a ga ɗigon farin fenti a gefe. Ba datti ba ne. Alama ce ta gefen da ke sama lokacin da kwalbar take kwance, wanda ke nufin gwiɓa tana ɗaya gefen. Inda babu fenti, takardar ce alamar, tunda ita ake juyawa sama wajen ajiya.

Yanzu a miƙe kwalbar tsaye a wuri mai sanyi da ba a taɓa shi, a bar ta awa 24 aƙalla, awa 48 ya fi. Manyan ɓawon suna sauka cikin awa kaɗan, mai laushin nan ne ke ɗaukar lokaci, kuma shi ne ke ɓata ruwa. Kwalbar da aka yi doguwar tafiya da ita a mota ko jirgi tana son hutun mako ɗaya ko biyu kafin a yi maganar buɗe ta. A miƙe ta kusa da inda za a yi aikin, don bai da amfani a bar ta ta kwanta kwana biyu sannan a hau bene da ita ana lilo. Idan baƙi sun zo ba shiri kuma dole sai an buɗe, kada a miƙe ta ko kaɗan. A ɗauko ta a kwance yadda take, fenti yana sama, a ɗora a kwando ko naɗaɗɗen tawul ta ɗan ɗaga kai, a buɗe a haka a tsiyaye. Mafi munin abu shi ne a miƙe ta rabin awa, lokacin da gwiɓa ta taso daga gefe amma ba ta kai gindi ba.

Kafin a taɓa toshiya a tanadi komai a kan tebur: tulun gilashin da za a juye a ciki, mazurari, ƙyallen tata mai tsabta, kyandir ko ƙaramar tocila, tawul mai laima, da kofi ɗaya na ɗanɗano. Da zarar an fara tsiyaya ba a tsayawa neman wani abu. Tulun a sunsune shi. Tulun da ya daɗe a kabad yana ɗaukar warin ƙura da katako, wanda aka wanke da sabulu kuma yana riƙe ƙanshin sabulun. A ɗauraye shi da ruwa zalla, a kife ya tsane. Ƙyallen ma haka, kada ya zama wanda aka wanke da omo mai turare. In babu tulu na musamman, kowane jug ɗin gilashi mai tsabta zai yi aikin, giyar ba ta san kuɗin tulu ba.

Bakin kwalbar ko dai yana da hular ƙarfe ko kuma an tsoma shi a kaki. Hular a yanke ta a cire gaba ɗaya, domin a riƙa ganin wuyan da kyau. Kwalaben da aka rufe kafin farkon shekarun 1990 da yawansu hular dalma gare su, don haka a goge bakin sosai da tawul mai laima, musamman in an ga farin gari-gari a wurin. Tsohon kaki kuwa yana bushewa ya yi tauri. A riƙe kwalbar gam a kan tebur, a rufe kan da tawul, a riƙa ƙwanƙwasa gefensa a hankali da bayan wuƙa har ya farfashe, a share ɓarɓashin tas. Fumfuna a saman toshiya ba abin tsoro ba ne, alamar ɗakin ajiya mai laima ce, gogewa kawai ake yi.

Toshiya ita ce inda gumi yake. Daga ɓawon wata bishiya ake yin ta, kuma bayan shekara ashirin zuwa talatin tana jiƙe da giya mai sukari sai ta yi laushi kamar burodi, gefenta kuma ya manne da gilashi. Ga shi tsofaffin kwalaben Porto da yawa wuyansu yana da ɗan tumbi a ƙasa, toshiyar ta buɗe a ciki ta fi bakin da za ta fito faɗi. Mabuɗi mai kaurin sanda a tsakiya, irin mai kama da kusar murɗi, huda ta kawai zai yi ya fito da gari. Wanda ake so shi ne mai siririyar waya murɗaɗɗiya mai rami a tsakiya, kuma dogo, yadda zai ratsa toshiyar har ƙarshe. Idan ya tsaya a rabi, rabin sama zai fito, na ƙasa ya zauna. A ja a miƙe, sannu a hankali, ba fizga, ba karkatawa. Ga toshiyar da ta wuce shekara ashirin da biyar, mun fi yarda da mabuɗi mai harshe biyu, wanda ake kira Ah-So. Ana sa dogon harshen tsakanin toshiya da gilashi, sannan gajeren, a riƙa lanƙwasa shi dama da hagu yana shiga da kansa. Kada a danna kai tsaye, toshiyar za ta faɗa ciki. In ya shige duka, sai a murɗa ana ja sama. Akwai wani mai suna Durand da ya haɗa waya da harsunan biyu, yana da tsada amma shi ya fi kowanne fitar da ruɓaɓɓiyar toshiya a ɗinke.

Idan duk da haka ta karye, ba abin kunya ba ne, ƙwararru ma tana karye musu. A sake sa wayar a karkace cikin guntun da ya rage, a tokare shi da gefen gilashi a jawo. In ya ƙi, a tura shi ciki a hankali da bayan cokali, a rufe bakin da tawul saboda feshi, a tace giyar ta ƙyalle. Ɓarɓashin toshiya ba ya ba wa giya wari.

Akwai tsohuwar dabara ta kauce wa toshiyar gaba ɗaya, wato awartakin Porto. Dogon awartaki ne na ƙarfe da bakinsa ya yi zobe daidai wuyan kwalba. Ana sa bakin a garwashi ko wutar gas har ya yi ja, abin da kan ɗauki minti goma ko fiye, sai a damƙe wuyan da shi daidai inda toshiya ta ƙare ko ɗan sama da nan kaɗan, amma lallai sama da inda giya ta tsaya. A riƙe minti ɗaya zuwa biyu, a cire, nan take a shafa wa wurin ƙyalle ko gashin tsuntsu da aka tsoma a ruwan ƙanƙara. Zafi da sanyi suka haɗu, gilashin ya ce ƙas, ya tsage a zagaye, a ɗauke kan da toshiyar a cikinsa. In bai tsage ba, ƙarfen ne bai yi zafi sosai ba, ko an yi jinkirin kawo sanyin. A sake, kada a buga. Bayan awartaki dole a tace ta ƙyalle ko da yankan ya fita sumul, kuma bakin kwalbar ya zama kaifi, a kiyaye hannu. Wanda bai taɓa yi ba ya gwada da kwalaben banza masu toshiya sau uku ko huɗu tukuna. Ra'ayinmu dai, a ƙasa da shekara talatin awartaki ƙawa ce kawai ta burge baƙi.

To, tsiyayar kanta. A kunna kyandir ko a kwantar da tocila tana haska sama, yadda hasken zai bi ta ƙarƙashin kafaɗar kwalba, ba kusa da zai ɗumama ta ba. Kwalaben Porto baƙaƙe ne sosai, wani lokaci a wuya kaɗai ake iya ganin ruwan, shi ya sa aka ce a cire hular duka. A kama kwalbar ta ƙasa, fenti ko takarda na sama, a karkata ta a hankali har giyar ta fara gangarawa siririya ta jikin mazurari. Sharaɗin guda ne: hannu ɗaya, zubi ɗaya. In aka tsaya aka miƙe kwalbar a tsakiya, ruwan zai koma baya ya ɗago gwiɓar, an rushe aikin kwana biyu. Kada kuma a karkata da yawa har ta riƙa yin ɓul-ɓul, kowane kumfan iska da ya shiga yana motsa gindi. Kwalba ɗaya tana ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu. Ido na kan wuya. Da farko za a ga ruwa garau, can wajen ƙarshe sai wani siririn zare mai duhu ya taho ta ƙasa. Da ya iso wuya a tsaya. Abin da zai rage a gindi bai wuce kaurin yatsa biyu ba, mililita 30 zuwa 50. Kwaɗayin wannan ɗan ragowar ne ke sa mutane ɓata tulu guda. A juye shi a wani kofi dabam ta ƙyalle, in ya kwanta mai aiki ya ɗanɗana, ko a kai kicin, masu girki suna sa shi a romon nama.

Batun tata akwai saɓani. Wasu ba sa tsiyaya sai da ƙyalle, wasu na ganin in an miƙe kwalba yadda ya kamata ba a bukatarsa. Mu muna tare da na biyun, sai in toshiya ta ruguje ko an yi amfani da awartaki. Abin da ba mu so shi ne takardar tace kofi. Tana jan lokaci, tana toshewa, wata kuma tana barin ɗanɗanon takarda. Ƙyalle ma manyan ɓawo yake tarewa, mai laushin yana wucewa abinsa, don haka tata ba ta maye gurbin haƙurin kwana biyu.

Tambayar da aka fi yi ita ce awa nawa kafin sha za a tsiyaye. Abu biyu ne tsiyaya take yi, raba giya da gwiɓa, da ba ta iska, kuma na biyun ne ke da haɗari. Matashiyar Vintage, ƙasa da shekara ashirin, tana da bauri da zafin barasa, iska tana tausasa ta, awa huɗu zuwa shida ba su yi yawa ba, wasu ma tun safe suke buɗe ta don dare. Tsakanin shekara ashirin da arba'in, awa biyu zuwa huɗu. Wadda ta haura arba'in kuwa kamar dattijo ce, ba a barin ta a tsaye tana jira, rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa, sauran buɗewar ta yi a kofi. Wannan ƙiyasi ne kawai, giyar ce ke da maganar ƙarshe. A ɗanɗana kaɗan da an gama tsiyaya. In ta yi shiru, ƙanshi bai tashi ba, barasa ce kawai ke dukan hanci, a ba ta lokaci a buɗe. In ƙanshi ya riga ya cika kofi, a toshe tulun a ajiye a wuri mai sanyi. Inda ake shakka a rage lokacin, domin giyar da ba ta gama buɗewa ba za ta ƙarasa a gaban masu sha, wadda ta wuce kuwa ba ta dawowa.

Wannan ɗanɗanon farko shi ne kuma lokacin gano aibi, gara a gane shi a kicin da a gane shi a gaban baƙi. Wani ɗan wari na rufaffen ɗaki yakan fito daga tsohuwar kwalba, ya baje cikin minti goma zuwa ashirin, wannan ba komai. Warin jiƙaƙƙen kwali ko tsumma mai fumfuna, wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa, daga wani sinadari ne da ake kira TCA da ke zuwa ta toshiya. Ba ya cutarwa, amma ya kashe ƙanshin, kuma babu iskar da ke korar sa. Warin binega ko na ruwan goge farce yana nuna tsami ya shiga. In kaɗan ne ana jurewa, tsofaffin kwalabe da dama suna da ɗan burbushinsa. Launi ma yana magana. Matashiya baƙa-baƙa ce mai shuɗi-shuɗi a gefe, mai shekara talatin ja ce garau, mai hamsin tana komawa launin jan bulo. In aka ga ta yi ruwan ƙasa fatau, ba ƙanshin 'ya'yan itace, sai zaƙi da zafi kawai, iska ko zafin ajiya sun gama da ita. Lafiyayya kuwa za a ji ƙanshin busassun 'ya'yan itace, da kayan yaji, da cakulan, wani lokaci da na furanni, baurin ya narke, ɗanɗanon ya daɗe a baki bayan an haɗiye.

Ana ba da ita a digiri 16 zuwa 18 na ma'aunin Selshiyos. Tsohuwar maganar nan ta cewa a sha ta da ɗumin ɗaki, ɗakunan Turai na da ake nufi, kafin a cika su da na'urar ɗumama. In ta haura digiri 20 barasa ce ke fara isa hanci ta rufe komai, in ta yi sanyi da yawa ƙanshi ya ƙulle, bauri ya fito. Inda ɗaki ke da zafi, a sa tulun a firji minti ashirin zuwa talatin kafin a kawo shi, zai ƙarasa ɗumi a kofi. Kofin kuma ya zama mai ƙafa, mai ɗan tumbi, bakinsa ya tsuke. A 2001 Álvaro Siza, shahararren mai zanen gine-gine na yankin Porto, ya tsara wa hukumar giyar kofi na musamman, amma kofin farar giyar inabi na yau da kullum ma ya wadatar. Ƙananan kofunan nan masu kama da murfin kwalba, da ake cikawa fal, su ne ba su dace ba, ba wurin da ƙanshi zai taru. A zuba mililita 60 zuwa 75, kashi ɗaya cikin uku na kofin. Kwalba mai mililita 750 za ta ba mutum goma zuwa sha biyu kofi ɗaiɗai. Mai zubawa ya tuna cewa zaƙi yana ɓoye ƙarfi: barasar da ke cikin mililita 75 na Porto daidai take da ta mililita 125 na giyar inabi mai kashi 12, kuma a ƙarshen cin abinci take zuwa, bayan an riga an sha wasu. Mai tuƙi da mai juna biyu ba a zuba musu.

A Ingila, inda cinikin wannan giya ya bunƙasa tun bayan yarjejeniyar kasuwanci ta Methuen da Ingila da Fotugal suka ƙulla a 1703, al'ada ita ce mai gida ya zuba wa wanda ke damansa, ya zuba wa kansa, sannan ya miƙa tulun hagu, ya yi ta zagayawa har ya dawo. In wani ya manta tulu a gabansa ba a ce masa miƙo. Sai a tambaye shi ko ya san Bishop na Norwich, shi kuma ya gane. Har tulu suka ƙera mai zagayayyen gindi da ba ya zama a tebur sai a mazauninsa da ke gaban mai gida, don kada ya maƙale a hannun kowa. Abin haɗawa a can cukun Stilton ne mai gishiri da ƙwayar walnot, a Fotugal kuma cukun Serra da Estrela. Baƙin cakulan yana tafiya da matashiya. Wadda ta haura shekara arba'in mun fi son a bar ta ita kaɗai, cuku mai ƙarfi danne ta yake yi.

Abin da ya rage ba ya daɗewa, kuma a nan mutane ke ruɗewa, suna ɗauka duk Porto tana wata a kabad. Tawny ce ke yin wata ɗaya ko fiye a firji, don ta saba da iska tun a ganga. Vintage ba ta saba ba. Tsohuwa kwana ɗaya ko biyu, matashiya uku zuwa biyar. A juye ragowar a ƙaramar kwalba mai tsabta yadda za ta cika har wuya, a toshe, a sa a firji, a fito da ita rabin awa kafin sha. Kada a bar ta ta yi kwanaki a tulun kiristal mai dalma a jikinsa, giya tana jan dalmar a hankali, na awa kaɗan a tebur dai ba damuwa. Tulun a ɗauraye shi da ruwan ɗumi a daren, kafin launin ya kama gilashi. In ya riga ya kama, a zuba ruwan ɗumi da ɗan binega da cokali biyu na ɗanyar shinkafa, a kaɗa har ya fita, a ɗauraye sau uku, a kife shi a buɗe ya bushe kafin a mayar da murfinsa.

Mun gode da filin da aka ba mu. A huta lafiya.

Naku,
Wasu masu karatu da suka san aikin